Me ya sa sulhun da ake kawowa daga waje ba ya kashe wutar yaƙin basasa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, a Unguwar Rogo na tashi. Kawuna soja ne, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur, ya dawo yana cewa wahalar banza suka sha. Ga shi yau Sudan ta sake kamawa da wuta, Kwango ma haka, Mali kuma ta sallami dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya. Me ya sa duk kuɗi da sojoji da tarurrukan da ƙasashen duniya ke yi ba sa kawo ƙarshen yaƙin basasa? Gazawa ce, ko dama ba sa son a zauna lafiya ne, kamar yadda ake faɗa a majalisarmu?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka, ya saka wa kawunka da alheri. Tambaya biyu ka ƙulle wuri ɗaya: me ke hana sulhun waje kamawa, sannan ko masu kawo shi da zuciya ɗaya suke yi. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin idan ta warware, ta biyun ba za ta yi wuya ba.

Bari in faɗa maka matsayina tun da wuri. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina aikin sasanta al'umma a Filato, tun bayan rikicin 7 ga Satumban 2001, lokacin da wataƙila ko haihuwarka ba a yi ba. Aikina na unguwa ne da ƙauye: zauren mai unguwa, harabar coci, ajin firamare da aka ara ranar Asabar. Ban taɓa zama teburin janar-janar ba, kuma abin da ya same mu a Jos, duk muninsa, bai kai yaƙin basasa ba. Abin da zan faɗa game da Angola ko Laberiya daga karatu ne da zama da waɗanda suka je. Sai dai na lura tsoron da ke hana yaron unguwa ajiye adda, shi ne dai ke hana madugun 'yan tawaye ajiye igwa.

Ranar da aka ajiye bindiga

Bayan rikicin Janairun 2010 an kira mu wata unguwa da titi ɗaya ya raba Musulmi da Kirista. Dattawan ɓangarorin biyu sun amince a tattara makaman da matasa suka tanada. Muna zaune kan benci a gindin mangwaro, ana ta magana mai daɗi. Akwai wani saurayi mai gyaran babur, hannunsa duk baƙin mai, bai ce uffan ba har aka kusa shafa fatiha. Sai ya miƙe ya ce, "Baba, na ji duk abin da kuka ce. To in na kawo tawa yau, na tsallaken titi bai kawo tasa ba, ƙarfe biyun dare wa zan kira? Ku dai yamma na yi za ku shiga mota ku tafi." Aka yi tsit. Washegari da muka tsallaka titin, wani yaro a can ya yi mana wannan tambayar, kamar sun haɗa baki.

A kan wannan tambaya mafi yawan yarjejeniyoyi ke karyewa. Idan ƙasa biyu suka yi yaƙi suka sasanta, kowa zai koma gida da rundunarsa, ya tsare iyakarsa. A yaƙin basasa kuwa ƙasa ɗaya ce, runduna ɗaya za a bari, don haka dole wani ya kwance ɗamara ya zauna ƙarƙashin bindigar wanda jiya yake neman ransa. Wata masaniya Ba'amurkiya, Barbara Walter, ta bi diddigin yaƙe-yaƙen basasa na shekaru masu yawa, ta gano cewa sa hannu a takarda ba shi ne mai wuya ba. Da wuya dai a aiwatar da abin da aka rubuta matuƙar babu wani na uku mai ƙarfi da zai tsaya wa wanda ya ajiye makami.

Dubi Angola. An sa hannu a yarjejeniyar Bicesse a 1991, aka tsayar da zaɓe a Satumban 1992. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura masu sa ido na soja 350, babu mai riƙe da makami a cikinsu, a ƙasar da ta fi Najeriya faɗi. Ranar zaɓe ta zo ba a gama kwance ɗamarar kowa ba, tsarin kuma wanda ya ci ya cinye duka ne. Madugun 'yan tawaye Jonas Savimbi ya ga shugaban ƙasa dos Santos ya shige gabansa, ya ce an yi maguɗi, ya koma daji inda mayaƙansa ke jiransa. Yaƙin da ya biyo baya ya fi na farko ɓarna, kuma bai ƙare ba sai da aka kashe Savimbi a Fabrairun 2002.

A Mozambik an ɗauki darasi. Wata ƙungiyar Katolika ta birnin Rum, Sant'Egidio, ta shafe sama da shekara biyu tana zaunar da gwamnati da 'yan tawayen Renamo kafin a sa hannu a Oktoban 1992. Aka kawo dakaru sama da 6,000. Da aka ga ba a gama sallamar mayaƙa ba, aka ɗage zaɓe da shekara guda zuwa Oktoban 1994. Har asusu aka buɗe don Renamo ta rikiɗe ta zama jam'iyya. Shugaban Renamo, Afonso Dhlakama, ya faɗi zaɓe, ya yi ƙorafi, amma ƙasar ba ta koma waccan wutar ba. Ƙasashe biyu masu tarihi iri ɗaya, lokaci ɗaya. A ɗaya an amsa tambayar mai gyaran babur, a ɗaya an tsallake ta.

Sulhun otal da agogon baƙo

Yaƙin da kawunka ya je, a nan Abuja aka yi yunƙurin kashe shi. Tarayyar Afirka ta fara zaunar da gwamnatin Sudan da 'yan tawayen Darfur a 2004, Salim Ahmed Salim ya jagoranci zagayen ƙarshe. Da masu biyan kuɗin taron suka gaji, sai aka sa wa'adi: ƙarshen Afrilun 2006. Daftarin yarjejeniya ya iso hannun 'yan tawaye saura kwanaki ƙalilan, da Turanci ma ya fara zuwa kafin fassarar Larabci. Robert Zoellick ya taso daga Amurka, Hilary Benn daga Birtaniya, Shugaba Obasanjo ya zauna da su ana matsa lamba har dare ya raba. Ranar 5 ga Mayu ɗaya daga cikin madugan 'yan tawayen uku, Minni Minnawi, ya sa hannu. Abdul Wahid al-Nur ya ƙi, Khalil Ibrahim ma ya ƙi. Aka tafa, aka ɗauki hoto, kowa ya hau jirgi. Mutanen da ke sansanonin gudun hijira, waɗanda aka ce dominsu aka yi, suka fito zanga-zangar ƙin amincewa, 'yan tawaye kuma suka dare gida-gida har aka rasa da wa za a yi magana. An yi kitso da ƙwarƙwata ke nan.

Na ga ƙaramin samfurin wannan da idona. Wata ƙungiya daga waje ta kwashe mu daga Jos zuwa wani otal a Abuja, bitar kwana uku. Waɗanda aka zaɓo masu jin Turanci ne, masu iya tsayawa gaban allo. A daren farko na leƙa kwamfutar ɗaya daga cikin ma'aikatan, na ga takardar bayan taro an riga an rubuta ta, sunaye kawai take jira. Rana ta uku muka sa hannu, aka rungumi juna, aka raba ambulan ɗin kuɗin mota. Ni ma na karɓa, kuma har yau abin yana damuna. A hanyar dawowa, mun wuce Akwanga muna hawan Kibo, wani shugaban matasa da ke kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, waɗanda suka ƙone mana gida ai ba su zo ba." Muna isa Bukuru kowa ya sauka ya nemi motar da za ta bi ta inda ba za a tare shi ba. Wata goma sha takwas suna cika kuɗin aikin ya ƙare, aka rufe ofis.

Ba mugunta ba ce ta sa suke haka. Jami'in da aka turo shekara biyu zai yi a canja shi. Sojojin kiyaye zaman lafiya wata shida ko shekara suke yi a sauya su, sai sun fara gane gari a ce su tattara. Kwamitin Sulhu duk shekara yake sabunta wa'adin aiki. Mai ba da kuɗi kuma abin da za a ƙirga yake so: taro nawa, mutum nawa, ranar zaɓe yaushe. Shi kuwa wanda aka kashe wa uba, ko shekara goma ba ta isa ya yarda ya sayi nama a hannun mahaucin tsallaken titi ba. Madugan yaƙi sun san da wannan. Sun san baƙo raɓa ne, sai su yi ta jan ƙafa har ya tafi.

Idan bindiga ta zama katin gayyata

Wa ake kira teburin sulhu? Mai bindiga. Akwai hujja a ciki, tunda shi ne zai iya tsayar da harbi. Amma saƙon da ake aika wa kowa shi ne, in kana son kujera, ka tara yara ka tare hanya.

Laberiya ta sha wannan. Sojojinmu sun shiga ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Agustan 1990, aka yi yarjejeniya fiye da goma kafin zaɓen 1997, biyu daga ciki a Abuja, 1995 da 1996. Kusan duk zama sai an tarar ƙungiyoyi sun ƙaru. Ɗaya daga cikinsu, ULIMO, ta rabe biyu, ta Alhaji Kromah da ta Roosevelt Johnson, kowa na neman kasonsa. Yarjejeniyar 1995 ta shigar da madugan cikin majalisar mulki, suka shigo Monrobiya da mayaƙansu, a Afrilun 1996 birnin ya kama da wuta. Da aka zo zaɓe babban madugun yaƙi Charles Taylor ya samu kusan kashi 75 cikin ɗari, domin talaka ya san in ya faɗi yaƙi zai dawo. Shekara biyu bayan haka yaƙin ya dawo duk da hakan. A Saliyo, yarjejeniyar Lome ta 1999 ta ba madugun 'yan tawaye Foday Sankoh afuwa, da matsayi daidai da mataimakin shugaban ƙasa, da shugabancin hukumar da ke kula da lu'ulu'u, wato an ba kura ajiyar nama. A Mayun 2000 mayaƙansa suka yi garkuwa da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Sudan ta Kudu kuwa, yarjejeniyar 2018 ta samar da mataimakan shugaban ƙasa biyar da 'yan majalisa 550 don kowane mai bindiga ya samu wurin zama, amma haɗe rundunoni wuri ɗaya ya gagara, zaɓe kuma ana ta ɗage shi.

Abin da ya faru a Akra a 2003 ya cancanci ka riƙe shi. Janar Abdulsalami Abubakar ne mai shiga tsakani. Madugan Laberiya sun yi makonni suna more otal ana kashe mutane a gida, sai matan Laberiya, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin Leymah Gbowee, suka zauna a ƙofar zauren suka ce ba mai fita sai an gama. Yarjejeniyar 18 ga Agusta ta raba wa ƙungiyoyin ma'aikatu, amma ta hana madugai shugabancin riƙon ƙwarya, aka ba wani ɗan kasuwa, Gyude Bryant. Taylor ya riga ya taho Kalaba gudun hijira. Aka kawo dakaru 15,000, kuma ba su gama tafiya ba sai 2018. Shekara goma sha biyar. Laberiya ba ta koma yaƙi ba.

Rigimar da ke ƙasa

Ko da an daidaita manya a babban birni, akwai wata wutar da ke ci a ƙasa, wadda takardar manya ba ta san da ita ba. A Kwango an sa hannu kan babbar yarjejeniya a 2002, aka yi zaɓe a 2006, aka girke ɗaya daga cikin manyan rundunonin da Majalisar ta taɓa girkewa. Gabashin ƙasar bai huta ba. Séverine Autesserre, wadda ta daɗe tana bincike a can, ta nuna cewa yawancin faɗan yankin Kivu a kan gona ne, da sarautar gargajiya, da gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, abubuwan da jami'an waje ke ɗauka ƙananan rigingimu ne da ba su shafe su ba.

Kai ɗan Jos ba sai an fassara maka wannan ba. Ka san abin da takardar indijin take nufi wajen neman makaranta da aiki. Ka san tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake gardamar wa ke da gari, kuma zaɓenta ne ya tayar da rikicin Nuwamban 2008. Wanda ya sauka daga jirgi ya ce mana matsalarmu rashin fahimtar addinin juna ce, ya shirya wasan ƙwallo tsakanin matasa, ya taɓa reshe ya bar saiwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Unguwar nan ta mai gyaran babur, ba mu karɓi makami ko ɗaya ba a ranar. Abin da aka yi shi ne dattawa suka yi musayar lambobin waya, aka kafa sintirin dare na haɗin gwiwa, yara uku daga nan uku daga can. Wani dare jita-jita ta tashi cewa an kashe wani ɗan acaɓa a tsallake. Limamin unguwar ya kira fasto ƙarfe ɗaya na dare, suka fito da tocila, aka gano mutumin a asibiti, hatsari ya yi. Kafin asuba magana ta mutu. Haka unguwar Dadin Kowa a nan Jos ta tsira a 2008 da 2010, dattawa da mata suka tsaya kan 'ya'yansu, suka hana na waje shigowa. A Somaliland ma, taron dattawan kabilu a Borama a 1993 watanni ya ɗauka, mafi yawan ɗawainiyar mutanen gari ne suka yi, a shekarar da dakarun duniya ke fafatawa a Mogadishu ba su samu komai ba.

Kada ka ɗauka ina cewa a bar wa dattawan unguwa komai. Lambar wayar fasto ba ta tare jirgin yaƙi a Khartum. Sulhun ƙasa yana rushewa in manya suka ga dama, kuma dattawan ma wani lokaci su ne masu hura wutar. Dole sai an haɗa biyun, kuma a nan ake yawan faɗuwa, domin kuɗi da hankali duk sama suke tafiya.

To, da gangan ne?

'Yan majalisarku suna da rabin gaskiya. Babu wani abu guda mai suna "ƙasashen duniya" da ke da zuciya ɗaya. Ƙasashe ne, kowace da buƙatarta, kuma sau da yawa mai zaune a teburin sulhu da rana shi ke aika harsashi da dare. Taylor ya ɗaure wa 'yan tawayen Saliyo gindi saboda lu'ulu'u, kotu ta yanke masa shekara 50 a 2012. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha ba da rahoton cewa Ruwanda na taimakon M23, ƙungiyar 'yan tawayen da ta kama birnin Goma na gabashin Kwango a 2012 ta sake kamawa a Janairun 2025. A Siriya, Rasha da Sin sun hau kujerar na-ƙi, wasu ƙasashen suna ba 'yan tawaye makamai, har Kofi Annan ya ajiye aikin shiga tsakani a Agustan 2012. Muddin mai faɗa yana da mai cika masa aljihu daga waje, ba shi da dalilin gajiya.

Akwai kuma inda abin rashin damuwa ne tsagwaronsa. A Ruwanda, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, Janar Roméo Dallaire, ya aika saƙo a Janairun 1994 cewa ana tara makamai don kisan ƙare dangi, ya nemi izinin ƙwace su, aka hana shi. Da kisan ya fara a Afrilu aka kashe sojojin Beljiyam goma, Kwamitin Sulhu ya rage dakarun daga kusan 2,500 zuwa 270. Mutum kusan 800,000 suka halaka cikin kwana ɗari. Ba wanda ya ga ribar da zai samu in ya sa 'ya'yansa a gaba.

Amma ɗana, in muka tsaya a nan mun yi wa kanmu rufa-rufa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Janar Burhan da Hemedti, da suka fara ruguza Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, 'yan Sudan ne, kuma a kan yadda za a haɗe rundunoninsu suka ɓata. A nan gida, Bature ne ya hana a yi aiki da rahoton kwamitin Fiberesima na rikicin 1994, ko na Niki Tobi, ko na Bola Ajibola? An zauna, an saurari shaidu, an ba da shawarwari, mafi yawansu suna nan cikin kabad. Wanda ya ga an kashe nasa ba a hukunta kowa ba, shi ne ke ajiye adda ƙarƙashin katifa.

Game da kawunka, na fahimci ɗacin da ke ransa. An tura su kiyaye zaman lafiyar da babu shi. A ƙarshen Satumban 2007 aka afka wa sansanin Tarayyar Afirka a Haskanita, mafi yawan waɗanda suka rasu 'yan Najeriya ne. Janar Martin Luther Agwai, wanda ya fara jagorantar rundunar haɗin gwiwa ta Darfur, ya yi ta roƙon jirage masu saukar ungulu 24 don yankin da ya kai girman Faransa, ya gama wa'adinsa bai same su ba. Duk da haka ba zan ce wahalar banza ba ce. Binciken Virginia Page Fortna ya nuna cewa inda aka girke dakarun kiyaye zaman lafiya, sulhu ya fi daɗewa fiye da inda ba a girke ba, duk da cewa wurare mafi wuya ake tura su. In ka je gaishe shi, ka tambaye shi matan sansanin da suke rakawa itace, da abin da ke samunsu a ranakun da babu motar rakiya.